Wadda Ba Ta Cikin Littafin

A makarantar tauhidi babu wanda bai san Mai Jan Biro ba. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan tun yana da baƙin gashi, ya bi shi har ya yi ritaya, har ya koma gida yana fama da gwiwa. Aiki ɗaya ne bai rabu da shi ba. Duk sabon littafin tauhidin da ya fito, editan mujallar makarantar sai ya naɗe shi ya aiko wa Malam, ya karanta, ya auna, ya rubuta sharhi. Kuma kada ka so ka ga sharhin Malam. Mutumin nan ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Farfesa ne kai ko bishop, aboki ne ko tsohon ɗalibi, in hujjarka ta gurgunce sai ya nuna wa duniya ƙafar da take ɗingishi.

Yana da yadda yake karatu, kuma bai taɓa saɓawa ba. Ba ya fara littafi daga farko. Sai ya tafi wurin ƙananan rubutun nan na ƙasan shafi, inda marubuci yake faɗin wurin da ya samo maganarsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har kan kantar laburare, ya buɗe ya ga ko da gaske haka aka ce. Yakan gaya wa ɗalibai cewa a saman shafi marubuci yake sa rigar fita, a ƙasa kuwa za ka same shi da kayan barci. Sai ya gama wannan binciken ƙwaƙwaf sannan yake komawa shafin farko.

Da hannunsa ya fara rawa, rubutu ya gagara, sai aikin bugawa ya koma kan autarsa. Shi yana zaune yana faɗa, ita tana bugawa a kwamfuta a teburin cin abinci. Auta malamar firamare ce, amma ta ajiye aikin ta dawo gida, ba don Malam ba, don Mama.

Mama kam, sai dai a ce Allah ya kyauta. Matar da ta shekara da shekaru tana jagorar mawaƙan mata a coci, wadda ba a fara waƙa sai ta ɗaga murya, ita ce ciwon mantuwa ya kama. Da farko makulli ne da sunayen jikoki, daga baya har hanyar banɗaki. Malam da ta yi wa girki tun suna ɗaki ɗaya ya koma “bawan Allahn nan mai tabarau”. Duk wannan sun haɗiye. Abin da ya gagara haɗiyewa shi ne yadda ta juya wa addu'a baya, kuma ba juyawar shiru ba. Da ta ji an ambaci sunan Yesu sai fuskarta ta canza, ta fara zagi, irin zagin da Auta ba ta taɓa sanin uwarta ta san shi ba.

Ranar da Fasto ya kawo mata Jibin Ubangiji gida, wato gurasar da ake ci a coci don tunawa da Yesu, abin ya kai maƙura. An yi mata wanka, an ɗaura mata ɗankwali, an zaunar da ita a falo. Fasto ya gutsura gurasar ya sa mata a baki. Ta tauna sau ɗaya, ta tofar a kan takalminsa.

“Ban san shi ba,” ta ce da ƙarfi. “Ƙarya kuke yi dukanku. Ku fitar mini da shi daga gida.”

Fasto ya yi ta maza, ya ce ba komai, ciwo ne, ya goge takalminsa da hankici ya tafi. Auta ta ɗauko tsumma ta durƙusa tana goge ƙasa, hawaye na ɗiga a inda take gogewa. Ba ta ɗago ba ta ce, “Baba, in ta mutu a haka fa? Da wannan maganar a bakinta?”

“Allah mai jinƙai ne, Auta.”

Ta dube shi. Ta san wannan amsar. Ita ce yake bai wa ɗalibin da ya tare shi a bakin ƙofa lokacin da yake sauri.

Ana cikin haka wani sabon littafi ya iso daga edita. Auta ce ta karɓi ƙunshin, ta yage takardar, ta ga abin da ke bangon, sai ta zauna a nan bakin ƙofa ta fara karantawa. Wata farfesa ce ta rubuta shi, a wata ƙasa mai nisa, kuma a kan masu ciwon mantuwa ne da bangaskiyarsu. Maganarta a taƙaice ita ce, bangaskiyar mutum ba a ƙwaƙwalwarsa take a ajiye ba, a wurin Allah take. In mutum ya manta, Allah bai manta ba. Abin da baki ya furta bayan hankali ya tafi kuwa, ba mutumin ne ya furta ba, ciwo ne, ba a rubuta masa.

Kai, ka ga Auta a kwanakin nan! Yarinyar da ta rame ta yi zuru-zuru, sai ga ta tana wanke-wanke tana waƙa. Mama ta zage ta, ta yi dariya ta ce, “Zagi dai, Mama, ba a rubutawa.” Ta kira yayyenta a waya ta karanta musu shafi guda. Sannan ta kawo littafin ta ajiye a gaban Malam, duk ta lanƙwasa kusurwoyin shafukan, abin da ta san ya tsana.

“Baba, wannan kam ka yi sauri. Ina so in ji daga bakinka.”

Ba wai Auta ba ta iya karatu ba ne. Amma tun tana yarinya ta ga littattafai masu daɗin baki suna shigowa gidan nan da ƙafafunsu, suna fita a kan makara. Ta san daɗi daban, tsayuwa daban. In Baba ya ce littafi ya tsaya, to ya tsaya, domin bai taɓa faɗa don a ji daɗi ba.

Malam ya ɗauki littafin, kuma a karo na farko tun da ya fara wannan aiki, ya buɗe shafin farko ya fara daga nan. Ya san abin da yake yi. Tsoro yake ji, ba wani abu ba. Ya karanta labarin tsohon da ya manta sunansa amma da an fara waƙar yabo sai ya kama, bai kuskure ko baiti ɗaya ba. Ya karanta na tsohuwar da ba ta magana sam, amma da an ce a yi addu'a sai ta haɗa tafin hannu. Farfesar ta iya rubutu, wannan kam ba a ƙwace mata ba. Sau da yawa Malam yakan cire tabarau ya goge, ya ce ƙura ce. Da ya kai ƙarshe ya rufe, ya ji wani sauƙi a ƙirjinsa wanda ya kwana biyu bai ji ba. Ya so ya tsaya a nan, Allah ya sani ya so.

Amma idon da ya saba gangarawa ƙasan shafi ba ya tambayar izini. Babi na tsakiya, wanda duk ginin yake kansa, ya dogara ne ga wa'azin wani dattijon ikkilisiya na zamanin dā. Farfesar ta ce tun wancan lokacin masu bi sun yarda cewa ba a kama mutum da abin da ya faɗa bayan hankalinsa ya gushe. Malam ya san wa'azozin dattijon nan, ya koyar da su. Bai tuna da wannan ba. Ya yi kwanaki yana kewaye maganar, yana cewa gwiwa ce ta hana shi fita. Wata safiya dai ya sa hula, ya ɗauki sanda, ya ce wa Auta zai je ya miƙe ƙafa.

Laburaren makarantar yana nan yadda ya bar shi, da fankar da ke ƙara ba ta ba da iska, da warin tsohuwar takarda. Mai kula da wurin ta taso da murna, “Lale, Baba! Yau wa za a yanka?” Ya yi mata murmushin dole. Ita ta hau tsani ta sauko masa da kundin, mai baƙin bango, wanda da gani an daɗe ba a taɓa shi ba. Ya zauna a teburin da ke kusa da taga, ya laluba da yatsa har ya samu wurin.

Maganar tana nan, farfesar ba ta ƙirƙira ba. Sai dai wa'azin jana'iza ne, na wani mutum da zazzaɓi ya kwantar, ya suma, ya mutu shiru bai samu ya yi addu'ar ƙarshe ba. Dattijon yana ta'azantar da iyalin ne cewa shirun nan ba laifi ba ne. Shiru yake magana a kai. Bai ce uffan ba game da wanda ya buɗe baki ya ce bai san Ubangijinsa ba. Malam ya karanta shafin da ke gaba da wanda ke baya, ya sake karantawa, yana neman ko layi ɗaya da zai rufa wa matar asiri. Babu.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi, domin marubuci yakan yi tuntuɓe a madogara ɗaya ya tashi da wata. A cikin motar haya, yana matse tsakanin wata mai kwando da wani mai barci, babbar matsalar ta faɗo masa. Duk inda majinyaci ya yi waƙar yabo, farfesar ta ce ga shaida, bangaskiyarsa tana nan a ƙarƙashin ciwon. To, in waƙar da ta fito bayan hankali ya tafi tasa ce, ta yaya zagin da ya fito daga bakin nan ɗaya zai zama ba nasa ba? Ko dai a ƙirga duka, ko a zubar da duka. Matar ta auna da mudu biyu. Sannan ya bi labaran littafin a ransa ɗaya bayan ɗaya, ya ga duk masu taushi ne, masu waƙa, masu haɗa hannu. Babu ko ɗaya mai tofar da gurasa. Matarsa ba ta cikin littafin. Har motar ta wuce inda zai sauka bai sani ba, sai da ya dawo da ƙafa.

Ya nemi hanyar gudu, kada ka ce bai nema ba. Da edita ya kira, wanda tsohon ɗalibinsa ne, Malam ya ce masa jiki ya ƙi, a ba wani.

“Haba, Baba,” in ji edita yana dariya, “jan biron ne ya ƙare mu aiko da sabo? Wannan littafin ba na kowa ba ne. Makarantu suna jira su ji ko za su sa shi a manhaja, fastoci kuma da shi za su riƙa shiga gidajen marasa lafiya. In akwai rami a ciki, gara a sani tun yanzu, kafin wani ya taka a gaban masu makoki. Kai ka koya mana haka.”

Shi ya koya musu kuwa. Ya ajiye wayar yana jin haushin yaron, yana jin haushin kansa da ya iya koyarwa.

Ya yi tunanin ya kai wa sakataren makaranta ya buga masa. Amma mujallar gidan nan take zuwa, Auta za ta gani, kuma ranar da ta ji ya kai aiki waje ta gama sanin hukuncin. Ya yi tunanin ya yi ƙarya. Ya zauna ya gwada haɗa jimlar a ransa, cewa littafin ya kafa hujjarsa, sai ya ji kamar an ce ya sa hannu a takardar da bai karanta ba. Bai iya ba. Wasu za su ce gaskiya ce ta hana shi, ni dai na ce har da taurin kai, da sabo, da girman sunan nan da ɗalibai suka ba shi.

Da hantsi, bayan an yi wa Mama wanka ta koma barci, Auta ta buɗe kwamfuta ta gyara zama. Fuskarta a sake, har da zolaya.

“To, Mai Jan Biro, muna jinka.”

Ya fara. Ya ce littafi ne da aka daɗe ana jira. Ya ce marubuciyar ta shiga ɗakin da masana tauhidi suka daɗe suna wucewa ta ƙofarsa. Ya yabi harshenta, ya yabi tausayinta, ya yabi yadda ta zauna da majinyata ba ta tsaya a ofis ba. Ya yabi tsarin babi-babi. Har bangon littafin sai da ya yaba.

Ƙarar bugawa ta tsaya.

“Baba,” ta ce a hankali, “yabon nan ya yi yawa.”

Ita ta buga sharhinsa na shekarun nan duka. Ta san littafin da ya tsaya, layi biyu yake samu na yabo a wuce ga aiki. In Malam ya daɗe yana shafa bayan marubuci, wuƙa yake wasawa.

“Buga dai, Auta.”

Ta buga. Ya faɗi maganar wa'azin jana'izar, da lambar shafi, da abin da dattijon ya ce da abin da bai ce ba. Ya faɗi maganar mudu biyu. Muryarsa ta koma irin ta aji, a daidaice, ba rawa, domin a nan ne kawai ya san inda zai sa ƙafa. Ya ce duk misalan marubuciyar na masu sauƙin hali ne, kuma mai karatun da yake jinyar wanda ciwon ya mai da shi mai saɓo zai rufe littafin bai ga nasa a ciki ba. Auta ba ta kuskure ko harafi ba. Hawaye yana gangarowa har haɓarta, ba ta share ba, yatsunta suna ta aiki. Ya rufe da cewa ana fata a bugu na gaba marubuciyar za ta cike wannan giɓi.

“Bugu na gaba,” in ji Auta. Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. “Mama za ta jira bugu na gaba?”

Ya cire tabarau yana gogewa.

“Baba, ni ba mujalla ba ce. Ka gaya mini. Abin da matar nan ta faɗa, gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne?”

“Ba ta kafa hujja ba.”

“Ban tambaye ka ko ta kafa hujja ba.”

“Ki fahimta, Auta. Rushewar hujja ba ta nufin maganar ƙarya ce. Mai yiwuwa ne abin da ta faɗa daidai ne, hanyar da ta bi ce ba ta kai ta ba. Abu biyu ne daban.”

Kash, Malam! Yarinya tana nutsewa, shi yana yi mata bayanin yadda ruwa yake. Shi kansa ya ji yadda maganar ta fita, amma ta riga ta fita.

“To, na ji,” ta ce. Ta juyo da kujerarta ta fuskance shi. “Tata ta faɗi. Kawo taka. Ka shekara arba'in kana karanta littattafan nan, ɗakin can har rufi. Ba ni guda ɗaya wadda ta tsaya. Guda ɗaya tak, wadda in na riƙe ba za ka zo gobe ka ce an auna da mudu biyu ba.”

Ya buɗe baki. Amsoshi suna nan, ba wai babu ba, sun yi layi a kansa. Ya ɗauko ta farko, cewa wanda aka ba Almasihu ba mai ƙwace shi, sai ya tuna masanan da suka ce wannan ga wanda ya jure har ƙarshe ne, ya tuna bai taɓa iya rufe musu baki ba. Ya ɗauko ta baftisma, cewa wankan shiga bangaskiya da aka yi wa mutum ba ya gogewa, sai ya tuna shi da kansa ya yi kaca-kaca da wani littafi da ya jingina komai a kanta. Ya ɗauko ta cewa Allah yana duban zuciya, sai ya ji tambayar da zai jefa wa ɗalibi in ya kawo masa ita: wa ya gaya maka abin da ke cikin zuciyar? Kowace ya taɓa, ya san inda take yoyo. Da a ce wani fasto ne na ƙauye wanda bai karanta komai ba, da tuni ya dafa kan yarinyar nan ya ce uwarki tana hannun Ubangiji, ta samu barci. Malam ya yi kishin wannan faston har cikin ransa.

“Ina sa zuciya,” ya ce da ƙyar. “Kullum ina sa zuciya.”

“Amma ba ka sani ba.”

“Ban sani ba, Auta.”

Ta gyaɗa kai, kamar wadda likita ya gaya wa abin da ta riga ta zata. Ta juya ga kwamfutar, ta gyara wani waƙafi, ta tambaye shi ko taken ya yi, ya ce ya yi. Ta aika wa edita. Ta ɗauki littafin, ta bi shafukan da ta lanƙwasa tana miƙar da su ɗaya bayan ɗaya da farcenta, ta ajiye masa a gefen hannu. Ba ta yi fushi ba, da ma fushin ta yi da ya fi masa sauƙi.

Daga ɗaki Mama ta fara kira, ba sunan kowa ba, kira dai. Auta ta tashi ta fito da ita, ta zaunar da ita a teburin, ta ɗaura mata tawul a wuya. Ta zubo shinkafa mai laushi da 'yar miya, ta ja kujera kusa. A gidan nan, tun kafin a haifi Auta, ba a taɓa kai loma baki ba a yi godiya ba. Ko da ciwon ya zo ba su fasa ba. Auta takan riƙe hannun uwarta ta yi addu'ar cikin zagi da fizge-fizge, wani lokaci a kifar da kwanon, abincin ya ƙare rabi a ciki rabi a ƙasa.

Yau ta ɗebo a cokali, ta hura, ta miƙa.

Mama ta buɗe baki ta karɓa. Ta tauna, ta haɗiye, ta sake buɗewa. Ba zagi, ba ture hannu. Ta ci na biyu, ta ci na uku, har tana lumshe ido. Ta dubi Auta ta ce, “Yarinyar nan akwai kirki. 'Yar gidan wa ce?”

Malam ya ga an fara ci ba a yi godiya ba. Ya sunkuyar da kai, ya haɗa hannuwansa, ya ja numfashi zai fara godiyar da kansa, ko da a hankali ne.

“Baba,” in ji Auta, ba ta ko dube shi ba, tana kankare gefen kwanon da cokali. “Bar ta ta ci abincinta.”